Babi na Bakwai: Katin Asibiti da Ke Ƙarewa Tare da Albashi

Dokar aikin gwamnati a Najeriya ta ajiye wa ma'aikaci iyaka biyu: ko ya cika shekara 60 da haihuwa, ko ya cika shekara 35 yana aiki. Wadda ta riga zuwa, ita ce ke sallamarsa. Da yawa sukan ɗauka cewa ɗan fansho tsoho ne mai sittin da ɗoriya, amma a ƙasar Kano iyaka ta biyu ce ta fi cin mutane. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, aka riƙa ɗibar samari daga kwalejojin horon malamai, har da ta Wudil, ana tura su aji suna da shekara goma sha tara ko ashirin. Haka aka ɗebi ma'aikatan lafiya na karkara, da malaman gona, da akawunan ƙananan hukumomi. Wanda ya kama aiki a 1980 yana ɗan ashirin, a 2015 ya ajiye yana da 55. Wanda ya kama a 1990, a 2025 aka ba shi takardarsa. A 2022 an yi dokar da ta ɗaga wa malaman makaranta iyakar zuwa shekara 65 ko 40 na aiki, amma mafi yawan sauran ma'aikata suna nan kan tsohon lissafi.

Mutum mai shekara 55 a Kausani, wata mazaɓa a ƙaramar hukumar Wudil, ba tsoho ba ne. Yana iya hawa babur ya je kasuwar Wudil ranar Juma'a, ya leƙa kara ya tayi ɗan maraƙi, ya dawo ya duba gonarsa kafin la'asar. Galibi yana da 'ya'ya a firamare, wataƙila ma da na goye. Sai dai a daidai wannan shekarun ne jiki ke fara kawo ƙara. Hawan jini, wanda bincike da dama suka nuna yana tare da kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan ƙasar nan, a nan yake bayyana kansa. Ciwon suga, yanar ido, ciwon gwiwa, matsalar fitsari ga maza, duk a wannan zangon suke sallama. Waɗannan ba irin zazzaɓin cizon sauro ba ne da za a sha magani kwana uku a warke. Cututtuka ne na zama, maganinsu kullum, kuɗinsu kowane wata, har ƙarshen rai.

To, a daidai wannan lokacin ne katin asibitin ma'aikaci ke shiga haɗari.

An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, amma sai a 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka fara aiki da ita, kuma da ma'aikatan gwamnatin tarayya aka fara. Tsarin a takarda shi ne mai ba da aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari na tushen albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5. Katin yana ɗaukar ma'aikaci, da matarsa ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. In an rubuta magani, mai katin ya biya kashi 10 na kuɗinsa. Duk wanda ya san gidajen ƙasar Kano ya san wannan ma'aunin bai dace da mu ba tun farko, domin mai mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya sai ya zauna ya zaɓi waɗanda za a rubuta. Amma babban giɓin yana wani wuri. An ɗaure katin ne a jikin albashi. Ranar da sunanka ya fita daga takardar biyan albashi, ranar gudummawarka ta tsaya, kuma ba da jimawa ba sunan zai ɓace daga rajistar asibitin da ka saba zuwa.

Jihar Kano ta yi tata dokar a 2016, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, aka kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wadda aka fi sani da KSCHMA. Ita ma ginshiƙinta na farko shi ne abin da ake cira daga albashin ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi. Abin yabo ne, kuma ma'aikata da yawa sun ga amfaninsa, musamman wajen haihuwa da tiyata da jinyar yara. Amma kowane tsari da aka gina kan cire kuɗi daga albashi yana ɗauke da tambaya guda a cikinsa: in albashin ya ƙare fa? Ci gaba da samun kulawa bayan ritaya ya zama abin da sai an yi masa wani shiri na daban, sai an sake rajista, sai wata gwamnati ta ga dama ta ware kuɗi. Bai zama haƙƙin da ke bin mutum da kansa ba.

A nan ne nake ganin an yi wa ma'aikaci rashin adalci, ko da ba da gangan ba. Inshora ba ta tsayuwa sai masu lafiya sun fi marasa lafiya yawa a cikin asusu. Saurayi ɗan shekara talatin yana zubawa, ba ya cika zuwa asibiti, kuɗinsa ne ke ɗaukar nauyin wanda ya kwanta. Yana yarda da haka ne don ya san wata rana shi ma za a ɗauke shi. Kamar adashi ne da mutum ya yi shekara da shekaru yana zubi ba fashi, ranar da kwasa ta zagayo kansa sai uwar adashi ta ce ai sunansa ya fita daga littafi. Ma'aikacin da aka cire wa kuɗi a shekarun ƙarfinsa, aka sallame shi a shekarun da zai fara buƙata, ya ɗauki nauyin wasu, shi ba a ɗauki nasa ba.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai, amma tamu ta fi zurfi. A Amurka, inda yawancin ma'aikata ke samun inshora ta wurin aikinsu, akwai shirin gwamnati mai suna Medicare, wanda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965, kuma yana fara ɗaukar mutum ne in ya cika 65. Don haka Ba'amurken da ya bar aiki yana da 58 sai ya zauna ya yi lissafin shekara bakwai da zai riƙe kansa. Doka ta ba shi damar ci gaba da inshorar tsohon wurin aikinsa har wata 18, amma shi zai biya kuɗin gaba ɗaya, har da kason da kamfani ke biya masa a da. Bayan nan sai ya saya a kasuwa, inda dokar 2010 ta zamanin Barack Obama ta hana a ƙi shi saboda tsohon ciwo, amma ta yarda a caje shi har ninki uku na abin da matashi ke biya. Mutane da yawa a can suna jinkirta ritaya saboda wannan kaɗai. Duk da tsadar, yana da ranar da yake jira, ya san watan, ya san shekarar. Ɗan fanshon Kausani ba shi da irin wannan ranar. Babu wata shekara a dokar Najeriya da in ka cika ta katin asibiti zai iso maka don kawai ka cika ta.

Gana ta fi kusa da mu, kuma darasinta ya fi amfani. Da suka kafa nasu tsarin a 2003, ba su dogara da albashi kaɗai ba, sai suka ɗora harajin kashi biyu da rabi kan kayayyaki da hidimomi, kuɗin na shiga asusun lafiya. Sannan suka yafe kuɗin shekara ga wanda ya kai 70, suka kuma yafe wa 'yan fanshon asusun fansho na ƙasa. Tsarin nasu yana da nasa ciwon kai, asibitoci sun sha kukan jinkirin biya, amma sun amsa tambayar da mu muka bari a buɗe: wanda ya zuba yana aiki, ba a cire shi in ya daina. Ko a gida ma akwai misali, domin sojojin da suka yi ritaya suna ci gaba da samun kulawa ta hannun kamfanin inshorar lafiya na ma'aikatar tsaro. Abin da aka iya yi wa soja, ba a rasa hanyar yi wa malamin asibitin da ya yi shekara 35 yana allurar rigakafi a ƙauyukan Utai da Indabo da Lajawa.

A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka da ta maye gurbin ta 1999, ta kafa hukumar NHIA, ta kuma ce inshorar lafiya wajibi ce ga kowane ɗan ƙasa. Dokar ta ambaci tsofaffi cikin rukunin masu rauni da za a biya wa, tare da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da mata masu juna biyu, da masu buƙata ta musamman, da marasa galihu. Kafin ita akwai dokar lafiya ta 2014, wadda ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, da nufin a samu aƙalla asibiti guda mai aiki a kowace mazaɓa. Kausani mazaɓa ce cikin goma na ƙaramar hukumar Wudil, don haka tana cikin lissafin. Sai dai gurbin da ake rabawa ta wannan hanya ƙidayayye ne, masu buƙata kuwa ba su ƙidayuwa. Kuma mutumin da muke magana a kansa ya faɗa tsakiya. Bai kai tsufan da za a kira shi tsoho ba, kuma in ana tantance marasa galihu a ƙofar gidan dagaci, kowa ya san shi da fansho, shi kansa ma kunya ba za ta bar shi ya shiga layi da gwauruwar da ba ta da kowa ba.

Sai a ce, to, ai yana da fanshon, ya saya wa kansa mana. Bari mu duba fanshon. Ma'aikacin tarayya yana ƙarƙashin tsarin da aka kawo a 2004 aka gyara a 2014, inda yake zuba kashi 8, gwamnati ta zuba 10, a asusunsa na kansa. Ba ya taɓa kuɗin sai ya kai 50, in ban da wasu 'yan lokuta, kamar wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, shi ana ba shi rubu'i. Abin da ke fitowa duk wata daga irin wannan asusu sau da yawa bai kai rabin albashin ƙarshe ba. Kano kuwa tana da nata asusun amintattu tun 2006, zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Babban ciwon da ya addabi 'yan fanshon jihar shi ne jinkirin garatuti. Lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya hau a 2023, bashin garatuti da haƙƙin mamata da gwamnatinsa ta ce ta gada ya kai wajen naira biliyan 48, aka shiga biya kashi-kashi. Ma'anar wannan adadi a gidajen mutane ita ce akwai waɗanda suka yi shekaru suna jiran dunƙulallen kuɗin da suka yi niyyar kafa sana'a da shi, wasu har suka rasu, magada suka ci gaba da jira. Tsarin mulki, a sashe na 173 da na 210, ya ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi. An daɗe ba a cika wannan alkawari yadda ya kamata ba.

Ana cikin haka sai 2023 ta zo. Aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, aka saki naira a Yuni, kamfanin GSK ya sanar da tattara nasa ya nasa a Agusta, Sanofi ya bi baya kafin shekara ta ƙare. Magungunan da ake shigowa da su, da waɗanda ake haɗawa a gida da kayan waje, duk suka yi tashin gwauron zabo. Mai asma da mai allurar insulin sun fi kowa ji a jika. Kuɗin mota daga Wudil zuwa Kano, tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai, shi ma ya zama abin lissafi ga wanda aka ba ranar ganin likita a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fitowa kai tsaye, kowane tashin farashi a kan ƙwayar magani yake sauka.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk ma'aikacin lafiya na karkara. Mai hawan jini ya fara raba ƙwaya biyu, ko ya sha yau ya tsallake gobe. In ya ji kansa ya daina ciwo sai ya ajiye gaba ɗaya, ya ce ya samu sauƙi, alhali hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna. Wani ya koma kemis a ba shi na ɗari biyar, wani ya koma jiƙo da sassaƙe. Ban raina maganin gargajiya ba, iyayenmu sun rayu da shi, amma ba shi da ma'aunin da zai gaya maka jininka ya sauka ko bai sauka ba. Bayan shekara biyu ko uku sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta gaza. Wankin ƙoda ana yinsa sau biyu ko uku a mako, kuma kafin gwamnatin tarayya ta sanar da rangwame a wasu asibitocinta a 2025, zama guda yana cin wajen naira 50,000. A nan ne ake sayar da shanun huɗa, a jinginar da gona, a yi karo-karo a masallaci. Kuɗin da gidan zai kashe a wata guda na wankin ƙoda ya isa ya sayi maganin hawan jini na shekaru. Asarar ba ta majinyacin kaɗai ba ce, har yaran da za a cire daga makaranta.

Akwai hanyoyin da mutum zai saya wa kansa kati, kuma ya kamata a san su. A 2020 hukumar inshorar ƙasa ta fito da shirin da ta kira GIFSHIP, don ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi, har da masu ritaya. An fara shi kan naira 15,000 ga kowane mutum a shekara, daga baya aka ƙara. Hukumar jiha ma tana da ƙofa ga waɗanda ba ma'aikata ba. Kamfanoni masu zaman kansu suna nan, amma su 'yan kasuwa ne: yawancinsu suna sa iyakar shekaru, ko su tsauwala kuɗi ga manya, ko su ce ciwon da ka zo da shi sai bayan wani lokaci za su fara ɗauka. Ko a shirin gwamnati akwai 'yan makonnin jira tsakanin biya da fara amfani, don kada mutane su riƙa rajista sai ranar da ciwo ya kayar da su. Saboda haka mai shirin ajiye aiki ya kamata ya je ofishin hukumar tun yana da sauran watanni, ya tambayi ranar da katinsa zai daina aiki, da abin da zai biya ya ci gaba, da ko za a bar shi a asibitin da fayil ɗinsa yake. Ya auna jininsa da sugansa da ƙodarsa da idonsa tun katin na raye. In yanar ido ta nuna, a cire ta kafin takardar sallama ta fito.

Ba zan ɓoye ba, masu katin ma suna da kuka. Wanda ya fi yawa shi ne a je asibiti a ga likita, a zo wurin magani a ce babu, a je a saya a waje. Dalilin yana cikin yadda ake biyan asibitoci. Ana ba asibitin matakin farko wani ƙayyadadden kuɗi duk wata kan kowane mai rajista, ya zo ko bai zo ba. A tsarin tarayya wannan kuɗi ya tsaya kan naira 750 fiye da shekara goma, farashin magani kuwa bai tsaya jiran kowa ba, sai a 2024 aka ɗaga shi. Asibitin da ke karɓar irin wannan ɗan kuɗi ba zai yi murna da mai ciwon suga da hawan jini a haɗe ba. Wannan ya nuna cewa rubuta sunayen 'yan fansho a rajista kaɗai ba zai wadatar ba, dole a biya wa manya kuɗin da ya yi daidai da abin da jinyarsu ke ci, in ba haka ba kati zai zama takarda a aljihu.

Wasu dattawa kuma shakkarsu ta addini ce, suna ganin inshora caca ce ko cinikin abin da ba a sani ba. Shakka ce mai tushe, malamai sun tattauna ta da daɗewa, kuma mafitar da suka nuna ita ce a gina asusun kan gudummawa da taimakon juna, ba kan sayar da alkawari don riba ba. A kan wannan aka gina takaful, wanda hukumar kula da inshora ta ƙasa ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, kuma a kan taimakon juna aka tsara taimakekeniyar lafiya ta Kano. Malamai sukan kafa hujja da mutanen ƙabilar Ash'ari, waɗanda in guzuri ya yi musu ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa su raba daidai, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe su a kan haka. In an karɓi wannan tushe, to shi da kansa yana hukunta cire mutum daga asusu a lokacin rauninsa.

Abin da nake ganin ya dace ba mai wuya ba ne. Asusun fansho na jiha ya san kowane ɗan fansho da sunansa da lambarsa, yana tura masa kuɗi duk wata. Hukumar lafiya ta san shi tun yana aiki. A haɗa rajistar biyu, ranar da suna ya fita daga albashi ya shiga fansho, katin ya bi shi ba tare da ya cika ko fom ɗaya ba. A cire ɗan abu kaɗan daga fanshon waɗanda nasu ya taka kara ya karya, gwamnati ta cike na ƙananan, kuma a rubuta shi cikin doka don kada ya zama kyautar da wani gwamna zai yi wani ya soke. Ƙungiyar 'yan fansho da ta ƙwadago suna da bakin da za su nemi wannan, musamman ma'aikatan da ke kan aiki yanzu, domin maganar gobensu ake yi. A watannin da ke tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko, waɗanda sukan yi tsawo, katin ya ci gaba da aiki bashi, a cire in kuɗin sun fito.

Kada kuma a manta da matar gidan. Sunanta a katin mijinta yake, ranar da nasa ya mutu nata ma ya mutu, alhali sau da yawa ta girme shi a ciwo ko da ya girme ta a shekaru, saboda haihuwa da wahalar gida. In ya rasu, ita ce za ta yi ta zirga-zirga Kano neman haƙƙin mamaci, da hawan jininta, da marayu a hannu. Kowane gyara da za a yi wa dokar ya ambace ta da sunanta, ya bar mata katin muddin tana raye.

Na san ma'aikatan gwamnati 'yan tsiraru ne a Kausani. Mafi yawan masu shekara 55 a can manoma ne, da masu kiwo, da masu fataucin shanu da hatsi tsakanin Wudil da Darki, waɗanda ba su taɓa riƙe katin asibiti ba balle ya ƙare musu. Su tasu hanyar ta ƙungiya ce, ta 'yan kasuwa da manoma da masunta su yi rajista a dunƙule, su biya da kaka lokacin da kuɗi ke hannu, sannan hukumar zakka da hubusi da masu hali na gari su ɗauki nauyin waɗanda ba za su iya ba. Na fara da ɗan fansho ne saboda nasa ya fi sauƙin gyarawa: sunansa yana rubuce, kuɗinsa ta hannun gwamnati yake bi, kuma ya riga ya zuba nasa kason shekara da shekaru.